Faifan da Ba a Rufe Ba

Ran 17 ga Oktoba 2007, tun gari bai waye ba, aka kashe tsohuwar siginar tashar BBC Two a Whitehaven, wani ɗan gari na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. Da shi aka fara aikin raba ƙasar da tsohon tsarin talabijin na analog. Bayan mako huɗu sauran tashoshin suka bi sahu, gidaje wajen 25,000 suka koma dijital. Aikin bai kammala a duk Birtaniya ba sai a Oktoban 2012.

An daɗe ana yi wa mutane shela cewa kowa ya nemi dikodar Freeview ko sabuwar talabijin, kuma sun ji. Abin da da yawansu suka manta shi ne ɗaya akwatin, wanda ke zaune shiru a ƙarƙashin talabijin: tsohuwar bidiyo, ko ƙanwarta na'urar naɗar DVD. Ita ma tana da nata kunnen kamo tasha, kuma kunnen irin na da ne. Sai magidanci ya saita ta ta naɗar masa ƙwallo, ya tafi wurin aiki yana toshe kunne kada wani ya faɗa masa sakamako, ya dawo da dare ya zauna da kofin shayinsa, ya danna rimot, ya tarar da awa biyu cur na yayyafin fari da baƙi. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta tashi a kan lokaci, ta saurari inda aka ce ta saurara, ta ajiye abin da ta ji.

Maganin abin yana bayan akwatin, inda ƙura da yanar gizo-gizo suke. Wayar eriya ta fara shiga dikoda, ta fito ta shiga na'urar naɗi, ta sake fitowa ta nufi talabijin. Sannan a kawo wayar SCART, wata ƙatuwar waya mai kai kamar bakin kada, da haƙora 21, wadda Faransawa suka ƙirƙiro. Ɗaya daga dikoda zuwa kafar da aka rubuta wa AV2 a jikin na'urar naɗi, ɗaya daga AV1 zuwa talabijin. A Amurka da sauran wuraren da SCART ba ta je ba, wayar nan ce mai kai uku da kowane yaro a Kano ya sani, ja da fari na murya, ruwan ɗorawa na hoto. An gama? Da saura. Dole a gaya wa na'urar ta daina sauraron eriya ta koma sauraron AV2, dole a bar dikoda a kunne, kuma a kan tashar da ake so. Idan wani yaro ya shigo ya canza tasha zuwa katun, to katun za a tarar. Kuma ba halin a kalli wata tasha ana naɗar wata, tunda kunne ɗaya ake rabawa. Shi ya sa masu shago suka riƙa ba da shawarar a sayi na'urar da ke da nata kunnen dijital a ciki, in da hali mai rumbun ajiya, a naɗa a rumbun tukuna, a yanke talla, sannan a zuba a faifai.

Faifan ma ba iri ɗaya ba ne. Kamfanonin sun rabu gida biyu: ɓangaren su Pioneer, wanda ya fitar da na'urar naɗar DVD ta farko a Japan a ƙarshen 1999, da DVD-R da DVD-RW, ɓangaren su Philips da DVD+R da DVD+RW, ga kuma DVD-RAM da Panasonic ya riƙe. Kowanne dai cikinsa gigabait 4.7 ne. Mai na'ura ne zai zaɓi yadda zai kashe su: awa ɗaya da hoto garau, awa biyu da hoto mai kyau, awa huɗu, ko shida har takwas da fuskoki suna narkewa idan an yi gudu. Kamar mai dama kunu ce da baƙi suka yi mata yawa. Tana iya ƙara ruwa ya ishi kowa, amma kowa zai san an ƙara.

To, duk wannan ɗawainiya ta mece ce? Mutum ya durƙusa a bayan talabijin da tocila a baki, yana lalube, don ya samu abu guda: ya ce wa ƙarfe tara na dare ta dakata, ba yanzu ba, sai ya shirya. Kafin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, talabijin kamar kasuwar ƙauye take, ranarta ranarta ce, wanda bai je ba ta watse ba shi. Na'urar naɗi ta zo da alkawarin cewa an daina wannan. Tambayar da ta fi wayoyin wuyar warwarewa ita ce: wanda ya danna jan maɓallin nan, me ya samu a hannunsa? Shirin ne, ko lokacin ne, ko kuwa inuwarsu?

Lauyoyi ne suka fara amsawa, domin inda kuɗi yake nan ake fara tambaya. A 1976 kamfanonin fim na Universal da Disney suka maka Sony a kotu, suka ce na'urarsa kayan sata ce. Kotun farko ta ba Sony gaskiya a 1979, ta ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 1981. A 1982 Jack Valenti, shugaban ƙungiyar masu fim na Amurka, ya tsaya gaban kwamitin majalisa ya kwatanta na'urar bidiyo da wani ƙasurgumin mai shaƙe mata da ya addabi birnin Boston. Shi kuwa Fred Rogers, mai shirin yara da aka fi ƙauna a ƙasar, ya ba da shaida a kotu cewa bai ga laifin iyali su naɗi shirinsa su kalla a lokacin da ya fi musu daɗi ba. Ran 17 ga Janairu 1984 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu: naɗar shiri a gida don kallo daga baya ba keta haƙƙi ba ne. Da alƙali ɗaya ya gyara zama, da tarihin ɗakin zaman duniya ya bi wata hanya.

Amma akwai wata gaɓa a hukuncin da ba a cika ambata ba. Abin da kotun ta wanke shi ne a naɗa, a kalla sau ɗaya daga baya, a goge. Ba ta ce a tara ɗakin karatu ba. Dokar Birtaniya ta 1988 ma, a sashe na 70, abin da ta halatta shi ne naɗi a cikin gida don kallo a lokacin da ya fi dacewa. Wato a idon doka, mai na'ura bai sayi komai ba, jinkiri aka ara masa. Japan ce ta fito da abin fili ƙarara, ta saka dokar a cikin siginar kanta. Da farko shirin dijital sau ɗaya tak yake naɗuwa, idan aka mayar da shi faifai sai ya ɓace daga rumbu. Da ƙorafi ya yi yawa, a Yulin 2008 aka sassauta: kwafi tara, na goma ya tafi da asalin. A Amurka an so a yi makamancin haka, kotu ta rushe yunƙurin a 2005 bayan ƙarar da ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu da abokanta suka shigar. Duk da haka, wanda ya duba bayan na'urar naɗar DVD zai ga kafar HDMI ɗaya ce, kuma ta fita ce, ba ta shiga ba. Ba mantuwa injiniyoyi suka yi ba. Hoto mai tsabta yana tafe ne da kwaɗo a jikinsa, mai gida kuwa an bar shi da ƙofar baya, inda sai an sauke siginar dijital zuwa analog sannan a sake ɗaure ta, tana zubar da wani abu a kowane mataki.

Malaman Musulunci ba su saɓa wa lauyoyi a nan ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta ce haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a taka shi ba. Duk wanda ya san yadda masu kwafar faifai suka tsotse 'yan fim ɗin Kano har kasuwar ta durƙushe ba ya bukatar dogon bayani a kan hikimar wannan. Sai dai tambayar malamai da ta fi daɗin tunani ba ta kuɗi ba ce.

A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta duba wata shawara da ke da kyau a ido: tunda ga na'ura, me zai hana a naɗi muryar ladanin da ya fi kowa zaƙin murya, a riƙa sakinta a masallatai idan lokaci ya yi? Ba makara, ba mura, ba tari. Majalisar ta ce bai isar ba. Kiran salla ibada ce, ibada tana bukatar niyya, kaset kuwa ba shi da ita. Wanda ya yi niyyar ya yi ta ne wata rana can, don wata salla da aka riga aka sallame. A kan wannan ne malamai irin su Shaikh Ibn Usaimin suka bambanta kiran sallar da ake watsowa kai tsaye da wanda aka naɗa, suka ce na biyun ba a amsa shi. Mas'alar sujadar tilawa ma haka ta bi. A mazhabar Malikiyya, mai sauraro yana yin sujada ne idan ya zauna don koyo, kuma mai karatun ya cancanci limanci. Faifai kuwa, komai kyan ƙira'arsa, ba wanda zai tsaya a bayansa ya yi kabbara.

Abin da malaman suka taɓo ya wuce hukuncin sujada. Sun ce ne, a fakaice, akwai abin da ke cikin ƙarfe tara na dare wanda ba ya bin waya. Murya ta shiga, hoto ya shiga, har tarin wani dattijo a sahun baya ya shiga. Abin da ya rage a waje shi ne halarta, kasancewar mai yi da mai ji a cikin numfashi ɗaya na zamani, kowannensu bai san abin da daƙiƙa mai zuwa za ta haifar ba. Mai kallon ƙwallon da aka naɗa ya san wannan ba tare da ya karanta littafin fiƙihu ba. Yana iya ihu, amma ba ya iya addu'a. Ba wanda ke cewa "Allah ya sa ta shiga" a kan fanaretin da aka buga jiya, in kuwa ya faɗa sai ya ji kunyar kansa. (Ko "kai tsayen" ma da ɗan abin dariya a cikinsa: siginar dijital takan makara da daƙiƙa biyu ko uku, a shekarun sauyin nan maƙwabci mai tsohuwar talabijin yakan riga mai sabuwa ihun an ci.)

Agustin, malamin Kirista na garin Hippo, inda Annaba take a Aljeriya ta yau, ya yi fama da wannan wajen shekara ta 400. Ya duba ya ga jiya ba ta nan, gobe ba ta zo ba, yanzu kuwa ba ta da faɗin da za a auna. Sai ya ce dukkansu uku a zuciyar mutum suke zaune: abin da ya wuce a matsayin tunawa, mai zuwa a matsayin tsammani, na yanzu a matsayin mai da hankali. Idan aka ɗora na'urar naɗi a kan wannan ma'auni, sai a ga ta karɓi biyu. Agogonta yana tsammani, ya fi mai gida iya jira. Faifanta yana tunawa, ya fi shi riƙo. Na ukun ne ba ta da shi, kuma ba za a iya wakilta ta a kai ba. Awa biyun da ta ajiye ba za su zama komai ba sai wani ya ciro awa biyu daga cikin kwanansa ya biya. Ba ajiyar lokaci aka yi ba ke nan, bashi aka ci, kuma gobe aka rubuta a matsayin mai biya ba tare da an tambaye ta ba.

Duk gidan da ya taɓa mallakar irin na'urar ya san inda bashin yake taruwa. Kwali ne a saman kabad, ko sanda mai faifai hamsin, kowanne da rubutun maka: "fim, kashi na 2", "labarai", wani ba komai sai alamar tambaya. Imam Ghazali, a littafin ƙarshe na Ihya inda ya yi magana a kan tuna mutuwa, ya ce dogon buri yana da uwa biyu, son duniya da jahilci, kuma abincinsa shi ne "sai an jima". Bai ga DVD ba, amma ya san mai ita.

Da a nan maganar ta tsaya, da an ce a cire wayoyin kawai a huta. Ba ta tsaya ba, domin ɗaya ɓangaren yana da hujjar da ta fi nauyi.

Tsoron ajiya tsoho ne. Aflatun ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka kawo wa rubutu a matsayin maganin mantuwa, ya ƙi yabawa, ya ce wannan zai sa mutane su daina riƙewa a ka, su dogara da alamomi a waje, su yi kama da masana alhali ba su sani ba. A farkon Musulunci ma an samu hani a kan rubuta hadisi, kamar yadda ya zo ta hanyar Abu Sa'id al-Khudri, sannan aka samu izini, kamar na mutumin Yaman ɗin nan Abu Shah da ya roƙi a rubuta masa huɗuba, da kuma takardun Abdullahi ɗan Amr. Abin da ya kashe gardamar a aikace ba hujjar baki ba ce, mutuwa ce. Da aka kashe mahaddata da yawa a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya je wa Sayyidina Abubakar da shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya. Abubakar ya yi jim, yana jin nauyin yin abin da Annabi (SAW) bai yi ba, kafin zuciyarsa ta natsu a ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Ba wanda ya ce takarda ta fi ƙirji. An dai lura ƙirji yana shiga ƙasa. Wannan dalilin ne ya sa Umar ɗan Abdul'aziz ya ba da umarnin a rubuta hadisi, shi ne kuma ya sa a 1961 aka naɗi Alƙur'ani sukutum da muryar Shaikh Mahmud Khalil al-Husari a Masar. A ƙasar Hausa, Shaikh Abubakar Gumi ya rasu tun 1992, an harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacin Ɗorayi a Afrilun 2007, amma duk azumi muryoyinsu suna fita daga shaguna da motocin haya, saboda wasu almajirai da ba a san sunansu ba sun taɓa ajiye rikoda kusa da lasifika. Ba a yi musu tambaya su amsa, gaskiya ne. Amma wa zai ce gara babu?

Gidajen talabijin su ne suka fi kowa nuna abin da "babu" take nufi. Har zuwa 1978 BBC ba ta da tsayayyen tsarin adana shirye-shiryenta. Kaset ɗin lokacin mai faɗin inci biyu ne, da tsadar gaske, sai a goge a ɗora wani shirin a kai. Haka aka yi asarar ɗimbin wasanni, har da fiye da kashi ɗari na shahararren shirin nan Doctor Who. Hukumar NASA ma ta amsa a 2009 cewa bisa dukkan alamu an goge kaset ɗin asali na saukar mutum a wata a 1969, an sake amfani da su. Ba mugunta ba ce. A idon masu aikin, talabijin abin yanzu ce, kamar kiɗan biki, ba a ajiye ta.

Sai ga abin mamaki daga Jos. A Oktoban 2013 BBC ta sanar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a birnin, ciki har da kashi tara na Doctor Who na 1967 da 1968 waɗanda duniya ta riga ta yi wa ta'aziyya. Adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97 a rana ɗaya. Ƙa'idar cinikin wancan zamani ita ce idan tasha ta gama nuna fim ta miƙa shi gaba, ko ta mayar, ko ta lalata. Waɗannan ba a yi musu ko ɗaya ba. Sun zauna a kan kanta shekaru masu yawa, sanyin Filato yana lallaɓa su. Abin da mai haƙƙi ya goge da hannunsa, rashin cika ƙa'ida ne ya tsare masa shi. Kuma Jos ɗin ce dai, ran 30 ga Afrilu 2016, aka zaɓa don ƙaddamar da komawar Nijeriya talabijin na dijital, bayan ƙasar ta wuce wa'adin Yunin 2015 da aka amince a kai a Janiba tun 2006.

Na Jos tsautsayi ne mai kyau. Na Marion Stokes da gangan ne. Baƙar fata ce 'yar Philadelphia, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu kuma 'yar gwagwarmaya. A 1979, lokacin da aka yi garkuwa da Amurkawa a ofishin jakadancinsu na Tehran, ta lura labari yana sauya kama daga dare zuwa dare, kuma ba ta yarda gidajen talabijin za su ajiye shaidar abin da suka faɗa ba. Ta kunna na'ura, ba ta sake kashewa ba. Wani lokaci na'urori har takwas ke aiki a gidanta dare da rana, fita cin abinci ma sai an lissafa ta da tsawon kaset, a dawo a kan kari a canza. Ta rasu ran 14 ga Disamba 2012, na'urorin suna naɗar labarin harbin yara a makarantar Sandy Hook. Ta bar kaset wajen 70,000, waɗanda iyalinta suka miƙa wa ma'ajiyar Internet Archive. In an ƙaddara kowanne awa shida ne, kallonsu ba barci ba hutu zai ci kusan shekara 48.

A ma'aunin hukuncin 1984, abin da ta yi ba shi ne aka wanke ba, domin ba ta kalla ta goge ba. A ma'aunin Ghazali kuma, da gani za a ce ga dogon buri ya yi gida. Amma mai wannan rubutu yana ganin akasin haka ne. Mai kwali a saman kabad yana naɗa ne yana cewa "zan kalla", yana ɗaukar cewa kwanansa na da yalwa. Ita kuwa ta san ba za ta kalla ba. Lissafin bai ɓoyu gare ta ba. Ta naɗa ne don wasu idanun da ba nata ba, kamar mai dasa giginya. Na'ura ɗaya, jan maɓalli ɗaya, amma na farko ya manta zai mutu, ta biyu kuwa saboda ta tuna ne ta danna. In ana neman inda niyya take a cikin faifai, wadda malaman Makka suka ce babu, to ba a cikin muryar da aka naɗa take ba, tana hannun wanda ya naɗa, kuma faifan ba ya nuna ta. Wannan ba ya mayar da Stokes waliyyiya. Waɗanda suka zauna da ita sun sha wuyar halinta, har ta yi shekaru ba ta ga maciji da ɗanta. Ajiya ma tana cin mai ita.

Akwai wani mataki na ƙarshe a aikin na'urar DVD wanda littafin bayani yake ɓoyewa a can shafukan baya, kuma shi ya fi jefa mutane a nadama. Faifan DVD-R da aka naɗa bai zama faifan kowa ba tukuna. Muddin da sauran wuri a cikinsa, na'urar tana barinsa a buɗe don a ƙara wani shirin gobe, kuma a wannan halin ita kaɗai ke iya karanta shi, ko wata 'yar gidansu. Kafin ya yi aiki a na'urar maƙwabci ko a kwamfuta, sai an shiga jerin umarni an zaɓi a rufe shi. Na'urar za ta yi tambaya ko an tabbata, domin bayan wannan ba ƙari, ba gyara. Sai ta yi 'yan mintoci tana gurnani, tana rubuta jadawalin abin da ke ciki, ta turo shi waje. Daga nan ya fita daga hannun mai shi, kowa na iya kallo.

Mutane da yawa ba sa rufewa. Saura minti arba'in a ciki, asara ce a bar su, bari dai sai an cika. Faifan ya koma kwali a buɗe.

Na'urorin kuwa sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yawanci daga idon da ke ƙona faifan, wanda yake raunana da shekaru. Kamfanoni sun janye daga sana'ar, dikoda mai rumbu da kallo ta intanet sun cinye kasuwar, ko tsohuwar bidiyo ma Funai, kamfanin ƙarshe da ke ƙera ta, ya rufe layin a Yulin 2016. Shi kansa faifan ba dutse ba ne, wani siririn rini ne a tsakanin roba biyu, zafi da hasken rana suna cin sa a hankali. Shi ya sa har yau ake samun masu bin kasuwar kayan gwanjo da lambar wata tsohuwar Panasonic ko Sony a rubuce a takarda, suna neman irinta sak mai sauran rai. Galibi ba fim suke so su ceto ba. Uba ne ya rasu, aka buɗe kwalinsa, aka ga faifai da rubutun hannunsa, an sa a kwamfuta ta ce babu komai a ciki. In an dace an samu na'urar, sai a jona mata wuta, a laluɓo wayar SCART ko mai kai uku, a zura faifan, a jira. Wani lokaci ta karanta, jerin shirye-shiryen ya fito da kwanan watansu, da sauran mintocin da ya rage a ƙasa, sannan ta yi tambayar nan da ta yi wa mai shi shekara goma sha biyar da suka wuce, ko a rufe.